Daga buɗe kati zuwa keken koyon tafiya: yadda muka bi layin gashi da yara biyu

Kusan duk ranar da muka je gashi a asibiti, wato motsa gaɓoɓin da ake kira physiotherapy, sai an sami wata baƙuwar uwa a bakin ƙofa, da goyo a baya da takarda a hannu, tana raba ido ba ta san ta inda za ta fara ba. Wasu tun asuba suka taso daga ƙauye, sai rana ta take a ce musu ai ba nan ake farawa ba, su koma su buɗe kati. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda muka bi tamu hanyar a nan Kano, da ’yata Auta mai larurar galahanga, wato tabon ƙwaƙwalwa mai hana yaro sarrafa gaɓoɓinsa da likitoci ke kira cerebral palsy, da kuma yayanta da ƙwallo ta kai shi ɗaki ɗaya da ita. Kuɗaɗen da zan ambata na lokacin da muka biya ne, kowa ya san yadda farashi ke gudu a ƙasar nan.

Auta bakwaini ce. A ƙarshen 2021 na haife ta, ta yi makonni a kwalba, aka sallamo mu da maganin ƙarin jini da umarnin a riƙa lulluɓe ta kada sanyi ya kama ta. Ta yi ƙiba, tana murmushi, tana bin mutum da ido, hankalin kowa ya kwanta. Wurin wanka na fara ganin abin da bai yi mini ba. In na ɗago ta daga baho sai ƙafafun su miƙe ƙam, su harɗe kamar almakashi, yatsun suna kallon ƙasa. In zan sa mata kunzugu sai na yi da gaske kafin cinyoyin su buɗe. Ta kai wata goma ba ta zama, in an jingina ta da filo sai ta bankare ta zame. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce in kwantar da hankalina, bakwaini dama nawa gare su. Kuma tana da gaskiyarta, domin daga baya likita ta nuna mini cewa bakwaini ana cire masa watannin da ya rage bai cika a ciki ba wajen lissafin girmansa har ya shekara 2. Sai dai nawa daban, sandarewar ƙafa daban. Maƙwabta kuma kowa da nasa: wannan ta ce iska ce, waccan ta ce an tsallaka wani abu da cikin. Addu'a dai ba mu fasa ba, har yau muna yi, amma ba ta hana mu zuwa asibiti ba.

Wata nas ce a asibitin unguwa, ranar da muka je rigakafi, ta kwantar da ita ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe, ta dube ni ta ce, “Hajiya, ki kai yarinyar nan babban asibiti wajen likitan yara, kada ki jira ta shekara.” Ta rubuta mana takarda. Wannan takardar ku riƙe ta da kyau, ita ce ke rage muku yawo. A babban asibitin gwamnatin da muka je, ba a wucewa sashen gashi kai tsaye. Ofishin kati za ka fara zuwa a rubuta sunan yaro a ba ka takardar biya, ka tafi tagar biyan kuɗi ka bi wani layin, ka dawo da rasit, sannan a ba ka ƙaramin kati mai lamba a buɗe fayil. Naira 1,000 muka biya a lokacin. Daga nan sai wurin nas-nas a auna nauyi da zafin jiki, sai benci. Mun isa kafin ƙarfe bakwai, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar, kuma wanda muka gani ɗin na yara ne baki ɗaya. Shi ya tura mu wajen masu duba larurar ƙwaƙwalwar yara, su kuma rana ɗaya tak suke zama a mako, aka ba mu rana can gaba. Da ranar ta zo fayil ɗinmu ya yi ɓatan dabo, maigida ya yi ta safa da marwa tsakanin ofishin kati da ɗakin likita har aka gano shi a wani sashen. Tun daga ranar na ɗauki hoton katin da waya, na kuma rubuta lambar a bangon littafi.

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta yi tambayoyi tun daga goyon ciki: wata nawa, ta yi kuka da aka haife ta, ta yi shawara, ta taɓa jijjiga, ta yi zazzaɓi mai zafi? Ta ce a ƙasar nan abubuwan da suka fi jawo larurar su ne doguwar naƙuda da jariri ke fitowa bai yi numfashi da wuri ba, da shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, da sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da kuma haihuwar bakwaini irin tamu. Ta ƙwanƙwasa mata gwiwa da ’yar guduma, ƙafar ta yi tsalle. Sannan ta ajiye biro ta ce galahanga ce, irin wadda ta fi kama ƙafafu ta bar hannuwa da sauƙi. Na tambaye ta magani. Ta ce, “Hajiya, tabon da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma kuma babu allura ko ƙwayar da ke goge shi. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi in aka bar ta a kwance, don ƙashi zai yi ta tsawo, tsokar da ta sandare kuwa ba za ta bi shi ba.” A adaidaita sahu na yi kukana har gida, maigida bai ce mini uffan ba, shi ma nasa yake haɗiyewa. Ta rubuta hoton ƙwaƙwalwa, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfinmu a watan, amma ta ce kada mu jira shi, da duba yaro ake gane larurar, gashi kuma ba ya jiran hoto. Ta kuma tura mu gwajin ido da na kunne, saboda bakwaini na yawan samun matsalar ido. Aka ga idon hagu yana ɗan karkacewa, kunne lafiya lau.

Sashen gashi ma sai da muka sake biya, naira 1,500 kowane zuwa, kuma rasit ake nunawa kafin a kira suna. Iyaye da yawa suna zuwa da tunanin za a kunna wa yaro fitila mai zafi ko a jona masa na'ura. Akwai irin waɗannan a ɓangaren manya masu ciwon baya, amma ɗakin yara ba abin da ke ciki sai katifu a ƙasa, da manyan ƙwallayen roba, da madubi jikin bango, da ƙarafa biyu a jere na koyon tafiya, da kwandon kayan wasa. Wadda ta karɓe mu, da yara ke kira Anti, ranar farko kusan ba ta yi komai ba sai kallo. Ta tuɓe Auta ta bar ta da kunzugu, ta kwantar da ita rigingine, ta kifa ta, ta zaunar da ita, ta ajiye kacau-kacau nesa kaɗan ta ga yadda za ta yi ta kai gare shi. Ta auna iyakar buɗewar cinya da lanƙwasar idon sawu tana rubutawa. Sannan ta tambaye ni abin da ban zata ba: me nake so yarinyar ta iya nan da wata uku? Na ce tafiya. Ta yi murmushi ta ce mu fara da zama tukuna, ta zauna da kanta a tabarma hannuwanta biyu suna wasa. Ta ce akwai ma'aunin da ake bi a duniya mai mataki 5, daga yaron da ke tafiya ba taimako zuwa wanda ko wuyansa ba ya iya tsayarwa, kuma ba za ta gaya mini matakin Auta da tabbaci ba sai ta haura shekara 2. Na so ta yi mini alkawari, ta ƙi. A lokacin na ji haushinta, yanzu kuwa ita na fi yarda da ita a cikin duk waɗanda muka gani, domin duk wanda ya yi mana alkawarin tafiya cikin wata kaza, kuɗi yake so.

Zaman bai wuce minti arba'in ba, sau biyu a mako. In ka lissafa za ka ga abin da ake yi a asibiti ɗan kaɗan ne a cikin rayuwar yaro, sauran duk a gida yake. Anti ba ta yarda uwa ta zauna a benci tana danna waya, sai ta ce, “Maman Auta, sauko ƙasa, hannunki nake so ya iya.” Ta koya mini riƙe ta a ƙugu, ba a hamata ba, don ta yi aikin tsayar da bayanta da kanta. Ta koya mini miƙe agara: tafin hannu ya tallafe diddige, gwiwa a miƙe, a tura tafin ƙafa sama a hankali a riƙe, ba fizga, ba a kai ga kuka. Ta ce tausa da man kaɗanya ba laifi, yana sa jiki ya saki, amma ba shi ke koya wa ƙwaƙwalwa motsi ba. Abin da ke koya mata shi ne yaro ya yi yunƙurin da kansa, ya maimaita sau ba adadi, don yana son ya kai ga wani abu. Saboda haka muka mayar da komai wasa. Murfin tukunya da cokali a kan kujerar tsugunno, ita kuma a durƙushe tana bugawa. Goyo ma ya zama magani, domin yana buɗe cinyoyin, har Hajiya ta karɓi wannan aikin da kanta tana cewa ai wannan tun kaka da kakanni. An hana mu abu biyu: keken nan na jarirai mai taya da ake zura yaro a ciki, don yana ƙara koya mata ɗage, da irin zaman da ta fi so, gwiwoyi a gaba, ƙafafu a baje ta baya gefe da gefe. Anti ta zana mana kujerar kusurwa a takarda da awonta, muka kai wa kafintan layinmu ya buga da falanki, daga baya ya buga mana abin tsayuwa mai ɗamara a gwiwa da ƙugu da ɗan tebur a gaba. A ciki take cin abincin rana a tsaye. Ta zauna da kanta tana da shekara ɗaya da rabi, ranar har cincin na soya na raba.

Shekarar 2023 ce ta gwada mu. Farkonta aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, mai adaidaita ba ya karɓar tiransifa, tagar biya kuma sabis ya ɗauke. Sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ’yan kwanaki, kuɗin mota ya fi kuɗin gashin kansa. Fuskoki da yawa da muka saba gani a benci suka ɓace, musamman masu zuwa daga nesa. Ni dai na fito fili na gaya wa Anti ba za mu iya sau biyu a mako ba. Ba ta yi faɗa ba, ta mayar da mu sau ɗaya a mako biyu, ta rubuta mana jadawalin gida, ta ce in riƙa ɗaukar bidiyon Auta ina zuwa da shi. Wanda aljihunsa ya gaza ya faɗa, ya fi ya ɗauke ƙafa shiru. Wani abin lura kuma, masu gashi ba ƙungiya ɗaya suke da likitoci ba, don haka in kun ji likitoci na yajin aiki ba lallai ne sashen gashi ya rufe ba, haka nan su ma suna iya tafiya nasu likitoci na aiki. Ku karɓi lambar wata uwa da ke kusa da asibitin ku riƙa tambaya kafin ku kashe kuɗin mota.

Da ta fara tsayuwa jikin kujera sai ɗagen ya fito sosai, diddige ba ya taɓa ƙasa. Aka tura mu Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke nan tun 1959, sashen da ke ƙera ƙafar roba da takalman gyaran ƙafa. Sun naɗe ƙafar da filasta suka cire siffarta, bayan kwanaki muka koma gwaji. Takalmin roba ne mai tauri, daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu, da maɗauri. Kuɗinsa ya fi na gashin wata biyu, kuma yaro na girma yake matse shi, sai an sake wani, saboda haka ku sa shi a lissafi. Ana sa doguwar safa ta auduga a ciki, in an cire a duba fata, jan da bai baje ba bayan kamar minti ashirin alama ce wurin na gurzawa, a mayar a gyara. A can kuma likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoton ƙugu, ya ce za a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci ko ba ta kuka da komai, domin tsokar cinya da ta sandare tana iya jan ƙashin ya gurɗe a hankali ba a sani ba. Ya yi mana bayanin allurar Botox mai sassauta tsoka na wata uku zuwa huɗu, da aikin ƙara tsawon agara, ya ce duka ba yanzu ba. Ƙafar dama da ta fi ƙagewa filasta aka yi ta sa mata ana canzawa mako-mako, kowane canji ana ƙara ɗaga tafin ƙafar kaɗan, har diddigen ya sauka. Yanzu tana tafiya da keke mai taya da take ja ta bayanta, wanda ya fi miƙar da ita a kan na turawa ta gaba. Anti ta ce mataki na 3 take a ma'aunin nan mai mataki 5.

Ana cikin haka, a 2024, aka shigo mana da yayanta ranga-ranga daga filin ƙwallon unguwa. Shekararsa 13 a lokacin, an taɗe shi, idon sawun dama ya kumbura suntum, ya kasa takawa. Kawunsa ya ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori ya ja. Na kira Anti, ta ce kada kowa ya ja ƙafar nan, a ɗaga ta a kan filo, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, gobe a yi hoto. Dalilinta shi ne yaron da bai gama girma ba yana da wani wuri mai laushi a ƙarshen dogayen ƙasusuwansa, inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma wurin ya fi jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa rauni. Faɗuwar da za ta ba babba targaɗe, yaro tana iya tsaga masa wannan wurin, in kuma aka ja shi ko ya haɗe a karkace ƙafar na iya girma a karkace. Ga kuma ɗaurin da ke matsewa ya tare jini. Hoto ya nuna tsagewa ce a ƙaramin ƙashin waje, bai goce ba. Aka sa filasta wajen wata guda, da aka cire ƙafar ta motse, sha-raɓar ta zube, idon sawun ya ƙi lanƙwasuwa. Likitan ƙashi ya ba mu takarda zuwa sashen gashi, shi ma sai da aka buɗe masa nasa katin.

Nasa gashin wani matashi ne ya yi masa, kuma yana da tsari mai hawa-hawa. Da farko rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa, da jan tafin ƙafa da tawul. Sai jan roba, mu tsohon tif ɗin keke muka yanka. Sai ɗage da ƙafa biyu, sannan da ɗaya. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ido buɗe, ido rufe, a kan filo, ana jefa masa ƙwallo yana cafewa. Wannan na tsayuwar shi yaro ya fi rainawa, shi kuma malamin ya fi nacewa a kai, ya ce shi ke hana ƙafar sake gurɗewa. Wahalar Yaya ba ciwo ba ce, zumuɗi ne. Ciwo na ɗaukewa ya ce ya warke, abokai na ta zuwa ƙofar gida. Malamin ya ce masa, “Ɗan samari, ba ranar da ka daina jin zafi za ka koma fili ba, sai ranar da ka yi mini tsalle da ƙafar nan kamar yadda kake yi da ɗayar.” Ya fara da sassarfa a miƙe, sai gudu da kwana, sai atisaye ba karo, sannan wasa. Ya kuma nuna masa wani tsarin ɗumama jiki na yara ’yan ƙasa da shekara 14 da ake kira FIFA 11+ Kids, ya ce ya kai wa kocinsu. Cikin wata uku da faɗuwar aka sallame shi, aka rufe fayil.

Ranar da aka sallame shi Hajiya ta tambaya ita Auta yaushe za a sallame ta. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, har da dangi masu taimakawa da kuɗi, don suna auna nata da irin nasa. Raunin wasa yana da ƙarshe, abin da ake tsoro a cikinsa gaggawa ce. Larurar ƙwaƙwalwa kuwa tafiya ce tare da girman yaro, buri ne ke canzawa: jiya zama, yau tafiya da keke, gobe hawa matakala da shiga banɗaki ita kaɗai. Akwai watannin da ba ka ganin komai ya motsa, akwai lokacin da yaro zai yi tsawo farat ɗaya ƙafar ta ƙara ƙagewa ka ga kamar an koma baya. A irin wannan lokacin ne masu tallar magani a Facebook da WhatsApp ke samun iyaye, da garin ƙarin ƙwaƙwalwa da allurar ƙasar waje. Na ga wadda ta sayar da filinta. In kuma za ku ɗauki mai yin gashi da zai riƙa zuwa gida, ku tambayi lasisinsa, akwai hukumar MRTB da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, kuma na gaske sai ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a da shekarar horo a asibiti. A nan Jami'ar Bayero na yaye su. Wanda ya zo da na'urar tausa a jaka bai tambayi tarihin yaro ba, bai ce ki sauko ki koya ba, ni ba na ba shi ɗana. Yaron da aka ɗora a kan maganin farfaɗiya ko na sassauta tsoka irin baclofen, ba a tsayar masa da shi farat ɗaya don kuɗi sun ƙare, a koma wa likita a gaya masa.

Ranar zuwa kuma ku tafi da kati da rasit, da littafin da kuke rubuta abin da aka koya muku, da takalmin gyaran ƙafar, da ruwa da ɗan abin taɓawa. Kada a cika wa yaro ciki dab da shiga don za a kifa shi a kan ƙwallo, kada kuma a kai shi da yunwa. In yana zazzaɓi ko ya yi jijjiga a daren, wajen likita za a nufa, gashi ya jira. Uba ya riƙa zuwa ko da sau ɗaya a wata, domin yarinya na ƙara nauyi, bayan uwa kuma ba ƙarfe ba ne. Maganar da muke ciki yanzu ta makaranta ce. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba ta haƙƙin shiga, amma makarantu biyu sun ce ba su da mai kula da ita. Ta ukun ta karɓe ta bayan Anti ta rubuta musu takarda cewa kanta lafiya lau, abin da take buƙata aji a ƙasa ne, da kujera mai jingina wadda ƙafarta ke taɓa ƙasa, da wanda zai raka ta banɗaki. Kafintanmu ya riga ya je ya auna teburin ajin.